Ina zakunan tekun Alaska suka tafi? Fashin baƙi kan duwatsun haihuwa da suka koma kufai

A watan Mayu, tun ƙanƙara ba ta gama narkewa daga kan tsaunukan tsibiran Aleutian na Alaska ba, manyan mazan zakin teku suke fara fitowa daga ruwa. Kowannensu ya shafe hunturu yana kiwo, ya tara kitse har wuyansa ya ninku. Wani yakan kai kilo 1,000, tsawonsa ya haura mita 3. Zai jawo wannan jiki ya hau dutsen da ya sani tun bara, ya zaɓi fili, ya kafa ƙirji, ya yi ruri. Daga ranar ya daina cin abinci. Kwana 40, wani har wata biyu, ba zai koma farauta ba, domin da zarar ya juya baya wani ya gaje wurin. Iyakar filinsa ba a zana take ba, amma kowa ya san ta: tsagar dutse ce, ko wani kwari da ruwa ke kwanciya a ciki. Maƙwabcinsa ya matso, sai su zube da ciki a bakin iyakar, su kalli juna a karkace, su yi huci, kowa ya koma. Faɗa na jini a farkon zuwansu ya fi yawa, lokacin da ake rabon wuri, kuma tabonsa ne ake gani a ƙirjin tsofaffinsu.

Wannan dabba ita ce zakin teku na Steller, mafi girma a dangin zakunan teku duka. Gashin wuyan namijin mai kauri, wanda ya yi kama da geza, da rurin da yake yi, su suka jawo masa sunan zaki. Rashawa suna kiransa sibuc, Japanawa suna cewa todo. Sunan Steller kuwa na wani Bajamushe ne masanin halittu, Georg Wilhelm Steller, wanda ya bi jirgin Vitus Bering, jagoran wani binciken teku na Rasha, a 1741. A hanyarsu ta komawa Kamchatka jirgin ya fashe a wani tsibiri da babu kowa, Bering ya mutu a can cikin Disamba, sauran suka ci hunturu a ramuka. Cikin wannan wahala Steller ya yi bukka a saman garken zakunan, ya zauna kwana 6 yana kallonsu yana rubutawa. A tsibirin ne kuma ya ga wata ƙatuwar dabba 'yar uwar ayu, wadda mafarauta suka ƙarar da ita kaf zuwa 1768, shekara 27 kacal bayan ya fara ganinta. Ina ambaton wannan ne don a san cewa a wannan teku an taɓa ganin dabba ta ɓace ɗungurungum a cikin rayuwar mutum ɗaya.

Kafin a shiga rigimar da aka yi kan dalilin raguwar zakunan, akwai bambanci guda da ya kamata a riƙe. Zakin teku yana hawa tudu a wurare iri biyu. Akwai wurin hutu, inda kowa da kowa ke kwanciya a kowane lokaci na shekara, a sha iska, a bushe, a koma ruwa. Irin waɗannan suna da yawa, ɗaruruwa ne. Akwai kuma dutsen haihuwa, inda ake haihuwa da barbara a tsakanin Mayu da Yuli, kuma waɗannan 'yan kaɗan ne. Sun jeru kamar baka a gefen arewacin tekun Fasifik: daga tsibiran Kuril da tekun Okhotsk na Rasha, zuwa Kamchatka da tsibiran Kwamanda, su bi jerin Aleutian mai tsawon kusan kilomita 1,900, su shiga mashigin tekun Alaska, su gangara ta gaɓar Kanada har Kalifoniya. Kusan dukkansu wurare ne da mutum ba zai so ya kwana ba. Dutse ne tsirara, iska ba ta tsayawa, hazo yakan rufe su mako guda. Abin da ya sa dabbar ta zaɓe su ke nan: babu beyar, babu kyarkeci, babu mai zuwa da ƙafa, ga kifi a kusa.

Matan suna isowa bayan maza sun gama rabon fili. Mace ba ta kai rabin babban namiji ba, kilo 250 zuwa 350 ne nauyinta. Cikin kwanaki kaɗan da isowarta take haihuwar ɗa guda, baƙi-baƙi, mai nauyin kilo 20 ko kusa da haka. Da ya faɗo sai ta sa hanci a jikinsa, ta yi kuka, shi ma ya amsa, su yi ta yi har kowa ya haddace muryar ɗan uwansa da ƙanshinsa. Wannan haddar ita ce rayuwar ɗan. Bayan kamar kwana 9 tana manne da shi, yunwa za ta kore ta zuwa teku, galibi da dare. Idan ta dawo za ta tarar da ɗaruruwan 'ya'ya sun cakuɗe, duk kamarsu ɗaya. Tun daga bakin ruwa take fara kira. Nata zai ɗaga kai ya amsa, ya taho yana tuntuɓe a tsakanin manyan jikuna. Ta shinshine shi. In nata ne ta kwanta ya sha. In na wata ne ta kore shi, wani lokaci ta cije shi ta jefar. Ɗan da uwarsa ba ta dawo ba, da wuya wata ta ɗauke shi.

Kimanin mako biyu bayan haihuwa sai a sake barbararta. Namijin ba matan yake tsarewa ba, fili yake tsarewa. Mace tana ratsa iyakoki yadda ta ga dama, ta je inda inuwa da ruwa suke. Shi ya sa filin da ke bakin teku ya fi tsada a wurinsu, kuma namiji ba ya samun irinsa sai ya kai shekara 9 ko 10, ya riƙe na 'yan shekaru, a ture shi. Cikin da aka yi a Yuni kuwa ba ya fara girma nan take. Ƙwan yakan tsaya cak har wajen Oktoba kafin ya kama mahaifa, don haihuwa ta sake faɗowa daidai watan Yuni mai zuwa. Ma'ana a tsakiyar hunturu, lokacin da teku ya fi tsanani, uwar tana shayar da ɗan bana, tana kuma ɗauke da na baɗi. In abinci ya yi ƙaranci jikinta yana da zaɓi biyu, kuma yakan zaɓi na hannu: cikin ya zube, ta ci gaba da shayar da babban shekara biyu, har uku.

A nan ne zuciyar maganar take, a ganina. Uwa mai shayarwa ɗaurarriya ce. Na'urorin da aka liƙa wa wasu mata a shekarun 1990 sun nuna cewa da bazara ba sa wuce kamar kilomita 20 daga dutsen, sai da hunturu suke yin tafiyar da ta haura kilomita 100. Don haka ba yawan kifin da ke cikin tekun Bering gaba ɗaya ne ya dame ta ba. Abin da ya dame ta shi ne kifin da ke kusa da wannan dutse, a wannan mako, a zurfin da za ta iya nutsewa. Duk wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa aka shafe shekaru ana jayayya ba a fahimci juna ba: masu jiragen kamun kifi suna ƙirga kifin teku duka, masu kare dabbar suna maganar kifin bakin ƙofa.

A ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1960 an ƙiyasta zakunan Steller a duniya tsakanin 240,000 da 300,000, kuma mafi yawansu a yammacin Alaska suke. Tsibirin Marmot da ke kusa da tsibirin Kodiak, da Ugamak a gabashin Aleutian, duwatsu ne da ake cewa babu masaka tsinke a kansu a watan Yuni. A shekarun 1970 aka fara lura suna raguwa a gabashin Aleutian. Abin ya bazu gabas da yamma. Tsakanin 1985 da 1989 ana asarar kusan kashi 15 cikin 100 kowace shekara. A 1990 gwamnatin Amurka ta sa dabbar cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazana, ta hana harbinta, ta kuma hana jirage kusantar duwatsun haihuwa da ƙasa da mil 3 na teku, wato kilomita 5 da rabi. Raguwar ta lafa zuwa kamar kashi 5 a shekara, amma ba ta tsaya ba. Zuwa 2000 garken yamma ya rasa kusan kashi 80 cikin 100.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, a daidai wannan lokaci 'yan uwansu na gabas ƙaruwa suke yi. Binciken jini ya nuna garke biyu ne da suka daɗe da rabuwa, domin mace takan koma haihuwa dutsen da aka haife ta ko na kusa da shi. A 1997 aka ja layi a digiri 144 yamma, kusa da Cape Suckling. Na yamma da layin aka ce suna bakin ƙarewa. Na gabas, daga kudu maso gabashin Alaska zuwa Kalifoniya, suka yi ta hauhawa da kimanin kashi 4 a shekara, daga kimanin 18,000 a 1979 zuwa kimanin 70,000 a 2010, har aka cire su daga jerin a 2013. Tsibirin Forrester da ke can ya zama dutsen haihuwa mafi cika. Dabba ɗaya, teku ɗaya, rabi na mutuwa rabi na yaɗuwa. Duk bayanin da za a kawo dole ya amsa wannan tambaya, kuma yawancinsu a nan suke tuntuɓe.

Zargi na farko a kan taru ya faɗa. Tun shekarun 1960 manyan jiragen Japan da Tarayyar Sobiyet suke jan taru a wannan teku, daga baya na Amurka suka karɓe bayan dokar 1976 da ta ba ƙasar ikon mil 200 daga gaɓa. Kifin da suka fi nema shi ne folok, farin kifi da ake kama fiye da tan miliyan ɗaya nasa kowace shekara a gabashin tekun Bering, ɗaya daga cikin kamun kifi mafi girma a duniya. Shi ne kuma babban abincin zakin teku a mashigin Alaska. A farkon shekarun 1980 jirage suka yi dafifi a mashigar Shelikof, ƙofar Kodiak, suna kama folok a lokacin da yake taruwa don zuba ƙwai, kuma zakuna da yawa sun mutu a cikin tarun kansa. Akwai shaidar yunwa: matan da aka auna a shekarun 1980 sun fi na shekarun 1970 ƙanƙanta, ciki ya fi zubewa, kuma lissafi ya nuna matasa ne suka fi mutuwa, waɗanda aka yaye ba su iya nutso mai zurfi ba tukuna.

Sai wasu masana suka juya maganar. Suka ce ba ƙarancin folok ba ne, yawansa ne. A hunturun 1976 zuwa 1977 yanayin arewacin Fasifik ya sauya farat ɗaya, ruwa ya ɗan ɗumama, ƙananan kifaye masu mai suka ja baya a wurare da dama, folok da danginsa suka mamaye. Folok kifi ne maras maiƙo. Herin kuwa, wanda masu kifin sanyi a kasuwanninmu ke kira shawa, cike yake da mai. David Rosen da Andrew Trites sun gwada wannan a gidan ajiye dabbobin ruwa na Vancouver: suka ɗauke wa wasu matasan zakuna herin suka ba su folok zalla, iya cinsu, kuma cikin mako biyu zuwa uku duk suka rame. Cikin ƙaramin zaki yana cika kafin ya samu ƙarfin da jikinsa ke bukata. Wani binciken da aka yi ta hanyar tattara kashinsu daga kan duwatsu, a wanke, a tsince ƙasusuwan kifi a gane irinsa, ya nuna inda abinci ya fi zama iri ɗaya nan raguwa ta fi tsanani. Masu jirage sun yi maraba da wannan bayani, tunda ya ɗauke laifi daga kansu ya ɗora wa yanayi. Sai dai yana da rauninsa. Garken gabas ma yana cin folok sosai, ga shi yana ƙaruwa. Kuma da aka auna 'ya'ya a shekarun 1990, na yamma ba su fi na gabas rama ba, wasu ma sun fi su nauyi.

Akwai kuma hannun mutum kai tsaye, wanda ba a cika son tunawa da shi ba. Tsakanin 1963 da 1972 an kashe 'ya'yan zakin teku kusan 45,000 a duwatsun haihuwa na Alaska don fatarsu, wani wurin ana kwashe rabin haihuwar shekara. Dokar kare dabbobin teku masu shayarwa ta 1972 ta tsayar da wannan, amma masunta sun ci gaba da harbi, domin a wurinsu ɓarawon kifi ne mai yaga taru, kuma har 1990 doka ta bar musu ƙofa. Babu wanda ya ƙirga gawarwakin, zakin da aka harba a ruwa nutsewa yake yi. Ni dai ina ganin wannan ya fi nauyi fiye da yadda ake ba shi, ko don ganin yadda raguwar ta sassauta da zarar an hana harbin. Bai kamata a haɗa wannan da farautar mutanen Unangan da Alutiiq ba, 'yan asalin tsibiran, waɗanda shekaru dubbai suna rufe kwalekwalensu da fatar zakin teku, suna ɗinka rigar ruwa da hanjinsa, suna ƙawata hular farauta da gashin bakinsa, garken kuma bai ragu ba. Har yau doka ta bar musu farautar ci, kuma abin da suke ɗauka kaɗan ne.

A 1992 aka tsinci gawar wata orka a mashigin Prince William na Alaska. Orka ita ce babbar dabbar nan mai baƙi da fari da ke farauta a ƙungiya. Da aka buɗe cikinta sai ga alamun roba irin waɗanda masu bincike ke maƙala wa 'ya'yan zaki a hannu, na zakuna 14. Daga nan hankali ya koma wani gefe. A 2003 Alan Springer da abokan aikinsa suka kawo bayani mai jan hankali: bayan Yaƙin Duniya na Biyu jiragen farauta sun kwashe manyan dabbobin wel kusan rabin miliyan daga arewacin Fasifik, orkar da ke cinsu ta rasa abinci, ta sauko kan ƙanana ɗaya bayan ɗaya, daga sil, wata 'yar uwar zakin teku, zuwa zakin teku kansa zuwa karen ruwa. Wani lissafi ya nuna orka ƙasa da 40 sun isa su jawo raguwar da aka gani a Aleutian. Masana da yawa sun ƙi yarda. Suka ce babu shaidar cewa manyan wel ne ginshiƙin abincin orka, jerin faɗuwar bai bi tsarin da aka zana ba, sannan a gaɓar Kanada ma an farauci wel, orka masu cin dabbobi suna nan da yawa, zakuna kuma suna ƙaruwa.

Gwajin da ya fi burge ni a duk wannan tarihi shi ne na Markus Horning da Jo-Ann Mellish. Tun 2005 suka riƙa dasa wata 'yar na'ura a cikin cikin matasan zakuna a gabashin mashigin tekun Alaska, su sake su. Na'urar tana auna zafin jiki, ba ta cewa komai muddin dabbar na raye. Ranar da ta mutu, jiki ya ruɓe ko aka yaga shi, sai ta taso saman ruwa ta aika labari ta tauraron ɗan adam. In zafin ya sauka a hankali, gawa ce ta huce da kanta, ciwo ko yunwa ke nan. In ya faɗi nan take, an farke dabbar ne ruwan sanyi ya shiga. Kusan duk saƙonnin da suka dawo irin na biyun ne. Wasu kaɗan kuma suka zo da abin mamaki: zafi ya faɗi nan take, amma na'urar ta kwana da kwanaki cikin duhu kafin ta fito, alamar tana cikin tumbin wani abu mai jinin sanyi. Zato ya tafi kan wani babban kifin shak na zurfin teku da kowa ke ɗauka malalaci ne. Wannan ya tabbatar da cewa a wannan yanki, a waɗannan shekaru, cinye matasan ake yi. Bai ce komai ba game da 1985, kuma bai ce ko yunwa ce take tura su nutso inda haɗari yake ba.

Yayin da masana ke wannan, kotu ba ta jira ba. A 1993 an ayyana mil 20 na teku kewaye da duwatsun haihuwa da manyan wuraren hutu a matsayin muhallin da rayuwar dabbar ta dogara a kansa, amma an ci gaba da kama kifi mai yawa a ciki. A 1998 Greenpeace da wasu ƙungiyoyin kare muhalli suka kai hukumar kula da kamun kifi ƙara a Seattle, kuma a 2000 alƙali Thomas Zilly ya hana jan taru a cikin wannan yanki gaba ɗaya. Garuruwa irin su Kodiak da Dutch Harbor, waɗanda kifi ne abincinsu da albashinsu, suka girgiza. Sanata Ted Stevens na Alaska ya tashi tsaye, aka sassauta matakin, aka kuma zuba fiye da dala miliyan 100 a bincike cikin 'yan shekaru. An samu ilimi mai yawa da wannan kuɗi, amma ihu ne bayan hari. Mummunar faɗuwar ta riga ta wuce shekara goma, kuma ba za a iya komawa a auna dabbar da ta mutu a 1987 ba.

A 2003 majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta fitar da nata nazari. Ta ce a halin da ake ciki a lokacin, abubuwan da ke kashe dabbar kai tsaye, irin su orka da harbi da taru, sun fi kama da barazana fiye da yunwa, amma ba ta wanke kamun kifi ba. Ta kuma ba da shawarar da nake ganin ita ce mafi hankali da aka taɓa bayarwa: a ware wasu duwatsun haihuwa a rufe kewayensu ruf, a bar wasu makamantansu a buɗe, a ƙirga shekaru a ga bambanci. Ba a yi wannan gwaji yadda aka tsara shi ba. Masu kare dabbar ba za su yarda a buɗe wuri da gangan ba, doka ma ba ta sauƙaƙa hakan, masu jirage kuma ba za su yarda a rufe musu wuri mai albarka na shekaru ba. Wannan abin yana ci mini rai, domin shi ne hanya ɗaya da za ta raba gardamar, kuma kowane ɓangare ya gwammace ya riƙe hujjarsa da a gwada ta. Shi ya sa a 2011 aka rufe kamun kifin makarel na Atka da kifin kwad a yammacin Aleutian, a 2015 aka sake buɗe wani sashe, duk a kan shaidar da ba ta canza sosai ba.

Hukuncina, bayan an jera duka, shi ne tambayar da aka yi ta yi tun farko ce ba daidai ba. An nemi mai laifi guda. Amma abin da ya kayar da garken a shekarun 1980 ba lallai ne shi ke danne shi yau ba. A wancan lokaci abubuwa sun haɗu a wuri ɗaya: teku ya sauya, taru ya yi yawa a bakin duwatsun, ana harbi, an riga an kwashe 'ya'yan shekaru goma. Da garken ya ƙanƙance, orkar da a da cinta ba ya ko nunawa sai ya zama babban rashi, domin abin da take ci bai ragu ba, waɗanda ake ci ne suka ragu. Dabbar da ke haihuwar ɗa ɗaya a shekara, kuma ba ta farawa sai ta kai shekara 4 ko 5, ba ta da saurin cike gurbi.

Daga wajen 2003 garken yamma ya fara ɗagowa a hankali, yanzu yana kewayen 50,000 a Alaska. Amma wannan jimla tana ɓoye wani abu. Akwai wata mashiga a tsakanin tsibirai da ake kira Samalga, wajen digiri 170 yamma, inda ruwan gaɓa mai ɗan ɗumi ke ƙarewa, ruwan tsakiyar teku mai sanyi ya fara. Gabas da ita ana ƙaruwa. Yamma da ita ana ci gaba da raguwa, kuma a ƙarshen jerin, wajen tsibiran Attu da Agattu da Buldir, an rasa fiye da kashi 90 cikin 100 a shekara 30. Can abincinsu ya dogara ƙwarai kan makarel na Atka, tudun ƙarƙashin ruwa siriri ne, teku na zurfafa da zarar an bar gaɓa. A can ne kuma Lorrie Rea da abokan aikinta suka samu zaiba mai yawa a gashin jarirai, wadda suka ɗauko tun suna ciki daga abin da uwa ta ci, a wasu har ta kai matakin da ke cutar da dabbobi. Ko ɓangaren da ke farfaɗowa ma ba a tsaye yake da ƙafa biyu ba. Da ruwan mashigin Alaska ya yi zafin da ba a saba ba daga 2014 zuwa 2016, kifin kwad ya faɗi har aka rufe kamunsa a 2020, haihuwar zakuna a yankin ita ma ta ja baya.

Wani abu da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne dabbar ba ta san layin digiri 144 ba. A arewacin garken gabas sababbin duwatsun haihuwa sun buɗe, irin su White Sisters da Graves Rock, kuma binciken jini ya nuna matan yamma suna cikin waɗanda suka kafa su. Sun bar dutsen iyayensu, abin da ba ɗabi'arsu ba ce, sun je inda rayuwa ta fi sauƙi.

Ana kuma gane irin wannan ƙaura ta shaidar da ake yi wa jarirai a jiki. Masu bincike suna sauka kan dutse a ƙarshen Yuni, su tara jarirai, su sa musu maganin barci, su yi musu lalas da ƙarfe mai zafi a gefen jiki, kamar yadda ake yi wa raƙumi: harafi ɗaya na dutsen da aka haife shi, F na Forrester, T na Marmot, sai lamba. Aikin ba shi da daɗin gani, saukar mutane tana iya tayar da garke a tattake ƙanana, kuma wata ƙungiyar kare dabbobi ta kai ƙara har kotu ta dakatar da izinin binciken a 2006 kafin a sake tsara shi. Amma lambar tana girma tare da dabbar, ana karanta ta daga nesa har ƙarshen ranta, kuma da ita ake sanin wa ya rayu, wa ta haihu, a ina. A yammacin Aleutian, inda jirgin bincike ke zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara in hazo ya bari, an kafa kyamarori a kan duwatsu suna ɗaukar hoto duk shekara. Hotunan sun kai ɗaruruwan dubbai, har hukumar kula da kamun kifi ta nemi jama'a ta intanet su taya ta dubawa. Mafi yawansu dutse ne da ruwa da hazo. Abin da ake nema a ciki shi ne mace mai lamba a haƙarƙari, wadda aka yi wa shaida tana jaririya a Agattu, a ga ko ta dawo a watan Yuni, kuma ko akwai ɗa a gefenta.